Jirgin da yake ƙasa yana cewa yana sama: nazarin wani lamari a Damagaram

Lamarin nan ya ɗauki kusan wata biyu da rabi, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, a cikin hunturu guda. Ya shafi ƙaramin jirgin wani kamfanin haya da ke yawan kwana a filin jirgin saman Damagaram, da matuƙinsa, da tsohon makanikinsa da yaronsa, da wasu manyan jirage da suka riƙa ganin abin da babu shi. Ba zan kama sunan kamfani ko na mutum ba. Babu wanda ya ji ciwo, ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba.

## Shimfiɗa: filin, jirgin da na'urorin

Filin jirgin Damagaram, wanda a takardun sufurin sama ake rubuta shi DRZR, yana kan tsayin kusan ƙafa 1,500 daga saman teku, kuma titin sauka da tashinsa ɗaya ne. Idan hunturu ya kankama, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga ƙwaryar Bodele ta ƙasar Cadi, hazo ya lulluɓe gari har wanda ke Zango ya kasa hango duwatsun Birni. A irin wannan rana matuƙi ya fi kallon allon gabansa fiye da taga.

Ƙaramin jirgin yana da injina biyu, kujeru tara, da ƙafafu masu naɗewa. Nauyinsa bai kai kilo 5,700 ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2005 ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta wajabta na'urar kauce wa karo a kan jirage masu injin turbin da suka haura wannan nauyi, ko suke da izinin ɗaukar fasinja fiye da 19. Shi bai shiga wannan rukuni ba, don haka taransfonda kawai gare shi. Ana ganinsa, shi ba ya ganin kowa sai da ido.

Taransfonda na'urar amsa kira ce. Rada ta ƙasa, ko wani jirgi, ya aiko tambaya a kan megahaz 1030, ita kuma ta mayar da amsa a kan 1090. A tsarin da ake kira Mode A, amsar lamba ce mai gida huɗu, kowane gida daga 0 zuwa 7, jimilla 4,096. Mode C ya ƙara tsayin jirgi, ƙafa ɗari-ɗari, a kan ma'aunin matsin iska guda ɗaya na duniya, wato hektofaskal 1013.25, komai abin da matuƙi ya saita a altimitarsa, agogon da ke nuna masa tsayi. Mode S shi ne na zamani: kowane jirgi da adireshinsa, daga cikin adireshi fiye da miliyan 16, kuma a cikin amsarsa akwai wata 'yar magana da wannan labari duka ya rataya a kanta, wato "ina ƙasa" ko "ina sama".

A watan Nuwamba aka cire wa jirgin tsohuwar taransfondarsa ta Mode C, aka saka sabuwa ta Mode S a wani garejin jirage da ke wajen ƙasar. Sabuwar tana sanin ƙasa da sama ne ta wani makunni da ke ƙafar hagu. Idan nauyin jirgi ya danne ƙafar, makunnin ya rufe, saƙo ya bi waya guda ɗaya zuwa bayan na'urar. An gwada ranar da aka saka ta, ta yi daidai, aka sa hannu.

Ita kuwa na'urar kauce wa karo, wadda matuƙa ke kira TCAS, a manyan jirage take. Ba ta dogara da hasumiya ba. Da kanta take tambayar taransfondojin da ke kewaye, ta auna nisa daga lokacin da amsa ta ɗauka, ta karanta tsayin da aka faɗa mata, ta lissafa daƙiƙa nawa suka rage kafin a haɗu. Abin da taransfonda ta faɗa, shi take ɗauka.

## Tsakiyar Disamba: alama ta farko

Da hantsi ne, ana gani kamar mita 2,000. Ƙaramin jirgin ya tayar da injina, ya gangara zuwa layin tsayawa da ke bakin titi, hasumiya ta ce ya jira wani jirgin fasinja da ke tafe daga Yamai ya sauka. Makunnin taransfondarsa yana kan ALT, inda take amsawa tare da faɗin tsayi, kamar yadda matuƙin ya saba barinsa.

A cikin babban jirgin, suna saura kamar ƙafa 1,100 su taɓa ƙasa, wata alama ta cika a allonsu a gaban hancin jirgi. TCAS tana cika alamar jirgi ne idan ya shigo cikin mil 6 na teku da ƙafa 1,200 sama ko ƙasa. A gefenta an rubuta −11, can −09, can −07. Kwamandan ya tambayi hasumiya ko akwai wani a iska. Aka ce babu, sai wani ƙarami da ke jira a ƙasa. Bai gamsu ba, don a saninsa jirgin Mode S da ke ƙasa ba ya fitowa haka. Da suka sauko ƙasa da ƙafa 400 alamar ta rikiɗe ta zama da'ira mai ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi ke nan da ake kira TA. Murya ba ta fito ba, domin na'urar tana yin shiru da bakinta a wajajen ƙafa 500 zuwa ƙasa don kada ta raba hankalin masu sauka. Titin bai gama fitowa daga hazo ba. Kwamandan ya tura injina, ya fasa sauka, ya zagayo. A karo na biyu ma alamar tana nan, amma a wannan karon ya hango titin fes, ya sauka. An yi asarar kamar minti 12 da man da ya tafi da su.

Bayan kwana shida wani matuƙin, a cikin jirgin nan dai, ya sake ganin alamar. Shi bai fasa sauka ba.

## Ƙarshen Disamba: an tuhumi mai gani

Tunda jirgi ɗaya ne ya gani sau biyu, shi aka fara tuhuma. Aka duba TCAS ɗinsa a Yamai, aka gwada eriyoyinta na sama da na ƙasa, ba a samu komai ba. Kafin takardar binciken ta gama zagaya ofisoshi, wani jirgin na daban, na wani kamfanin daban, ya ba da rahoto iri ɗaya.

Nan fa magana ta yi yawa a rumfar mai shayi da ke wajen filin. Wasu suka ce jirgi mara matuƙi ne ke shawagi ba a faɗa wa kowa ba. Masu raha suka sa masa suna jirgin aljanu.

Wani matashi cikin masu kula da hasumiya ya ɗauki littafin aiki ya jera ranakun. Duk lokacin da aka ga alamar, ƙaramin jirgin yana ƙasa da injina a kunne. Sai dai akwai ranaku biyu da yake ƙasa da injina a kunne, manyan jirage suka sauka, ba wanda ya ga komai. Waɗannan ranaku biyun su suka hana a yanke magana. Mataimakin kwamandan nan da ya fasa sauka ne ya ƙara nauyi a ɓangaren matashin. Ya ce da ya zauna ya tuna, lambar da ke gefen alamar tana raguwa ne daidai da yadda su suke sauka, kuma babu kibiya a gefenta. TCAS tana sa kibiya idan jirgi yana hawa ko sauka da fiye da ƙafa 500 a minti. Abin da suka gani ba ya motsi, kuma tsayinsa tsayin filin ne.

## Makon farko na Janairu: an cire tsayi

Matuƙin ƙaramin jirgin ya karɓi maganar ba gardama. Dabararsa mai sauƙi ce: tunda lambar tsayi ce ke tayar wa mutane hankali, muddin yana ƙasa zai bar makunnin a ON, inda taransfonda ke amsawa amma ba ta faɗin tsayi, sai zai hau titi ya mayar ALT.

Kwana uku da fara haka, wani jirgi ya biyo ta saman filin a kan kusan ƙafa 3,000 daga ƙasa, zai juyo ya sauka. Da'ira mai ruwan ɗorawa ta fito, babu lamba a gefenta, murya kuma ta yi gargaɗi da ƙarfi. Matuƙa biyu suka shiga lalube cikin hazo, sama da ƙasa, ba su san ta ina za su duba ba.

Haka aka gina na'urar. Jirgin da ya amsa bai faɗi tsayinsa ba, TCAS tana ɗaukarsa kamar tsayinsu ɗaya da ita, muddin tana ƙasa da ƙafa 15,500. Ba za ta ba da umarnin kaucewa a kansa ba, tunda ba ta san ko hawa ne mafita ko sauka ba, amma za ta yi gargaɗi. Da tsayin na nan, da ta ga tazarar ƙafa 3,000 ta yi shiru. A ranar aka bar wannan dabara.

## Tsakiyar Janairu: an kashe bakinta

Shawara ta gaba ita ce wadda tsofaffin matuƙa da yawa suka tashi da ita tun zamanin Mode C: a bar taransfonda a STBY, tana kunne amma ba ta amsa kowa, har sai an ba da izinin hawa titi. Daga ranar rahotanni suka tsaya cak. Kwana goma sha ɗaya ba a ga jirgin aljanu ba, wasu har sun fara cewa an gama.

Rana ta goma sha biyu fasinjojin ƙaramin jirgin suka makara. Hazo ya ɗan ɗaga, ana tsoron ya dawo. Matuƙin shi kaɗai ne a gaba. Ceklis ɗinsa, takardar da ake bi layi-layi kafin tashi, an buga ta ne tun lokacin da makunnin ke zama a ALT dare da rana, don haka babu layin da ya ce a juya shi. An gaya masa da baki, ya riƙe da ka, ran nan kan ya cika. Ya tashi a STBY.

Akwai wani jirgi da ke shigowa. Ta rediyo aka raba su: aka tsayar da mai shigowa ƙafa 1,000 a saman mai fita har sai sun wuce juna, kuma haka aka yi. Bayan sun wuce ne kwamandan mai shigowa ya ce ya ji muryar ƙaramin jirgin sarai, amma allonsa wayam. Matuƙin ya kai ido kan makunni. Minti 17 ke nan da tashinsa.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san abin da irin wannan ya taɓa haifarwa. Ranar 29 ga Satumban 2006, a saman dajin Amazon na Brazil, wani Boeing 737 na kamfanin Gol da wani ƙaramin jirgi Embraer Legacy suka haɗu a ƙafa 37,000. Taransfondar Legacy ta yi kusan awa guda ba ta amsawa. Duka jiragen suna da TCAS, babu wadda ta yi gargaɗi. Mutum 154 da ke cikin Boeing ɗin suka rasu. Matuƙin namu ya san labarin, kuma waɗanda suka tarye shi da ya dawo da yamma sun ce bai iya cin abinci ba. Shi da kansa ya rubuta rahoto, ya kuma ce wa makanikin a nemo ainihin ciwon.

## Farkon Fabrairu: gwajin da aka yi a fili

Tsohon makanikin ya fi shekara talatin yana taɓa jirage, hannunsa a injin da ƙafafu babu na biyunsa. Zarginsa ya tafi kan na'urar da ke ba taransfonda lissafin tsayi. Ya ce ƙila ƙura ta shiga bututun iska tana sa ta faɗin tsayin da ba shi ba. Yana da akwatin gwajin altimita, mai famfon da ke zuƙe iska daga bututun har jirgi ya ɗauka yana hawa. Abin da ba shi da shi shi ne na'urar da ke karanta amsar taransfonda, da murfin da ake kifawa a kan eriya. Sai ya ce za su kunna taransfondar a ALT, yaron ya zauna a gaba yana karanto tsayin da ta nuna, shi kuma yana kwatantawa da na akwatin.

Yaron ya ɗan yi jim. "Maigida, ba za a ji ta a waje ba?"

"Eriyar tana ƙarƙashin cikin jirgi, tana kallon kwalta. Wa zai ji ta?"

Eriyar ba ta fi tsawon yatsa ba, amma abin da take fitarwa ya haura wat 100, kuma TCAS tana jin irinta daga mil 14 ko fiye. A filin ajiye jirage suke, babu rufi. Ba a sanar da hasumiya ba, don a ganinsa aikin gareji ne.

Bayan azahar suka fara. Suka tsaya a ƙafa 5,000, suka tsaya a 10,000, sannan ya buɗe famfon zuwa 15,000, allura tana hawa da kusan ƙafa 3,000 a minti. A daidai lokacin wani jirgi yana ratsa saman garin daga yamma zuwa gabas a kan ƙafa 15,000. A allonsu suka ga wani yana taso musu daga ƙasa da kibiya a tsaye. Gargaɗi ya fito. A wannan tsayi TCAS tana gargaɗi idan saura daƙiƙa 45, tana ba da umarni idan saura 30. Da'irar ta koma jan murabba'i, murya ta ce su hau. Wannan shi ne umarnin kaucewa da ake kira RA, kuma ana son matuƙi ya fara amsa shi cikin daƙiƙa 5, ya hau da kusan ƙafa 1,500 a minti. Suka bi. Sun bar tsayinsu da kamar ƙafa 600 kafin na'urar ta ce an wuce.

Ba su tsaya neman jirgin da ido ba, ba su kuma tsaya tambayar kowa ba, kuma haka ƙa'ida ta ce. Ranar 1 ga Yulin 2002, a saman Uberlingen da ke kudancin Jamus, TCAS ta ce wa wani jirgi ya hau, mai kula da zirga-zirga ya ce masa ya sauka, matuƙan suka bi na ƙasa, suka haɗu da ɗayan jirgin da shi ma yake sauka bisa umarnin tasa na'urar. Mutum 71 suka rasu. Bayan nan aka fayyace dokar: idan RA ta fito ita ake bi, a sanar da mai kula, shi kuma ya dakata da ba da umarni har sai an ce masa an wuce.

Matashin nan na hasumiya ne a bakin aiki. Da ya ji rahoton ya leƙa ta gilashi, ya ga ƙaramin jirgin da bututu a maƙale da mutum biyu a kansa. Ya ɗauki waya.

"Baba, barka da aiki. Don Allah me kuke yi wa jirgin nan?"

"Gwajin altimita ne, Malam. Lafiya dai?"

"Kun kai ƙafa nawa?"

"Yanzu muka tsaya a dubu goma sha biyar."

"Baba, don girman Allah a kashe taransfondar yanzu-yanzu. Ina zuwa."

Washegari bayanan ADS-B da aka adana suka tabbatar. ADS-B shi ne tsarin da sabuwar taransfondar ke watsa wurin da jirgi yake da gudunsa ba sai an tambaye ta ba. Ga adireshin ƙaramin jirgin, ga lambarsa, yana ƙafa 15,000 a saman filin Damagaram, yana cewa yana sama, gudunsa sifiri. Allah ya kiyaye babu kowa a tsayin da wancan jirgin ya kutsa.

## Tsakiyar Fabrairu: gwajin da aka yi a rufe

Kamfanin ya dakatar da jirgin. Kwana tara aka yi kafin wani ma'aikacin lantarkin jirage ya iso daga Yamai da na'urar gwajin taransfonda da murfin eriya.

Kafin ya taɓa komai ya hau hasumiya. Suka tsayar da lokaci, da tsayin da za a kai, da lambar da za a saka, da lambar wayar da za a kira idan ana so a dakata. A Turai jagorar wannan aiki ta ware lamba 7776 don gwaji a ƙasa, sai dai in hukumar wurin ta ba da wata. Jagorar ta kuma ce a yi aikin cikin rufaffen gareji in da hali, a rufe eriya ko a haɗa ta kai tsaye da na'urar gwaji, a mayar da STBY tsakanin gwaji da gwaji, kuma idan ba tsayi ake aunawa ba a ajiye shi inda ba jirgin da zai kasance, ƙafa 1,000 ƙasa da sifiri ko sama da 60,000. Ya ja kunnen yaron kan lambobi uku da ko da wasa ba a bi ta kansu wajen juya makunni: 7500 ta fashin jirgi, 7600 ta mutuwar rediyo, 7700 ta halin gaggawa.

Lissafin tsayi lafiya lau yake, daga ƙasa har sama. Ƙarfin fitarwa daidai, adireshi daidai. Sai aka zo layin ƙasa da sama. Jirgi yana tsaye a kan tayoyinsa, na'urar gwaji ta rubuta yana ƙasa. Aka kashe, aka kunna, yana ƙasa. Ma'aikacin ya fara tunanin ko ranar banza ya zo.

Yaron ne, yana kwance a ƙarƙashin allon matuƙi da fitila a baki, ya ture wani damin wayoyi don ya ga bayan na'urar.

"Maigida, a duba. Idan na motsa wannan, rubutun yana canzawa?"

Yana canzawa. Ya saki, ƙasa. Ya taɓa, sama. Aka zare soket ɗin. Cikin 'yan tsinkayen ƙarfen da ke ciki, wanda ke ɗauke da wayar makunnin ƙafa bai kama gurbinsa ba, ya ja da baya, yana taɓawa yana saki. Makunnin ƙafar kansa ba abin da ya same shi, shi ya sa sauran abubuwan da ke dogara da shi ba su taɓa nuna alama ba. Jirgin yana yawan sauka a filayen jar ƙasa, ga girgizar injina idan an tayar. A wannan haɗin, waya in ta katse ma'anarta "ina sama", kuma da gangan aka yi haka, don jirgin da wayarsa ta lalace ya ci gaba da bayyana ga kowa maimakon ya ɓace. Canza tsinken da ɗaure damin wayoyin bai kai awa ɗaya ba. Aka sake gwaji da injina a kunne, ana girgiza wayoyin da hannu, rubutun bai motsa ba.

## Ƙarshen Fabrairu: yadda aka tsaya

An sake buga ceklis. Kafin jirgi ya motsa daga wurin ajiya, makunni yana ALT da lambar da aka bayar, kuma matuƙi ya tabbatar allon taransfonda ya nuna tana ƙasa. In ta nuna sama alhali tayoyi na kan kwalta, ya faɗa wa hasumiya kafin ya gusa. A layin tsayawa a sake kai ido. Ba a taɓa makunnin sai an dawo an tsaya. A gareji kuma, ba a haɗa famfon tsayi sai taransfonda tana kashe, ko an rufe eriya an kuma sanar da hasumiya.

Har iskar bazara ta fara kaɗawa ba a sake samun rahoto ba.

## Hukunci

A ganina an bar amsar a baya tun ƙarshen Disamba. Da mataimakin kwamandan ya ce abin ba ya motsi kuma tsayinsa na filin ne, tambayar da ta rage ɗaya ce: me ya sa jirgin Mode S da ke ƙasa yake cewa yana sama? Da tsohuwar Mode C ce, TCAS da kanta take tacewa. Idan ta sauko ƙasa da kusan ƙafa 1,750, takan ƙiyasta tsayin ɗayan daga ƙasa, in bai kai ƙafa 360 ba ta ɗauke shi yana ƙasa ta ƙyale shi. Mode S kuwa maganarsa take ɗauka. Matuƙin da makanikin duka sun yi wa sabuwar na'ura tunanin tsohuwa, kuma ranaku biyun da tsinken ya taɓa daidai suka ruɗa sauran.

Kwamandan da ya fasa sauka bai yi laifi ba. Gaskiya ne ba a juya jirgi saboda TA kaɗai, amma shi titi ne bai tabbatar da shi ba cikin hazo, kuma fasa sauka a buɗe yake ga matuƙi kowane lokaci. Waɗanda suka bi RA na ƙarya ma sun yi daidai, don daga kujerarsu babu hanyar bambance shi da na gaske.

Dabarar STBY ce na fi jin tsoro, fiye ma da gwajin fili, saboda ta yi kama da nasara. Garin neman gira aka kusa rasa ido: an kawar da gargaɗin da ke damun mutane, aka ɗora tsaron jirgin duka a kan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya da ke gaggawa, ba tare da layi ko ɗaya a takarda ba. Ban ce STBY a ƙasa haramun ne ba. Akwai filayen da haka tsarinsu yake, kuma abin da takardun fili suka ce shi ake bi. Amma duniya ta karkata ɗaya ɓangaren. A Amurka jagorar matuƙa ta ce a kunna taransfonda da tsayi duk lokacin da jirgi ke motsi a filin. Manyan filaye irin na Paris da Landan da Frankfurt suna da na'urorin da ke bin amsar Mode S don su ga kowane jirgi a ƙasa da sunansa, abin da aka ƙara ba muhimmanci bayan haɗarin filin Linate na Milan a 2001, inda jirage biyu suka haɗu a kan titi cikin hazo, mutum 118 suka rasu.

TCAS kuma hukuncinta daban ne da na taransfonda, ko da yake sau da yawa makunninsu ɗaya. Ita tambaya take aikawa, kuma jirage da yawa suna tambaya daga ƙasa suna cunkushe 1030 da 1090, har na sama su rage nisan da suke ji. Shi ya sa ba a kai makunninta kan TA/RA sai an zo bakin titi, a sauke ta da an fita daga titi bayan sauka. Matuƙan da ke leƙa allonta kafin su hau titi don su ga ko wani na tafe suna samun amfani, musamman a hazon Damagaram, amma ba a gina ta don hana karo a ƙasa ba, kusurwar da take nunawa ba ta da tabbas, kuma jirgin da ya manta makunninsa a STBY ba zai fito a ciki ba.

Tsohon makanikin bai yi musu ba ko sau ɗaya. Shi ya matsa wa kamfanin har aka sayo murfin eriya, ya sa aka ɗaure shi da igiya a hannun akwatin famfon, yadda ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Lambar wayar hasumiya kuma yaron ya rubuta ta da fenti a cikin murfin akwatin.